Tambayi Mai Gyara: Sega ta ƙi kawo wuta, PS2 ta ƙi karanta faifai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan watan na yi suɓutar baki na ce har yanzu akwai Sega a shagona ina ɗan taɓawa idan ba kwastoma, toh tun daga ranar saƙonni suke ta shigowa, ashe mu da yawa ne muka ɓoye tsofaffin gem a ƙarƙashin gado muna jin kunyar yara su gani. Shi yasa na ware filin na wannan karon gaba ɗaya saboda su. Masu tambayar waya da inbata ku yi haƙuri sai wata mai kamawa in Allah ya kaimu. Wasu saƙonnin na rage musu tsawo, amma ban canza maganar kowa ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Salam Oga injiniya, dan Allah Sega Mega Drive ce irin babbar nan ta farko mai wajen saka iyafis a gaba, na tsinto ta a ɗakin Hajiyarmu cikin wata tsohuwar akwati. Adaftarta ta ɓata sai na ɗauko ta dikoda naga bakin ya shiga daidai, ina kunnawa ko jar wutar bata kawo ba sai wani ɗan wari da naji. Na kai wa mai gyaran rediyo ko buɗewa bai yi ba yace IC ce ta ƙone in jefar. Da gaske ta mutu kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka jefar tukuna. Wanda yace maka IC, wato baƙaƙen 'yan cif ɗin nan masu ƙafafu da yawa da ke cikin na'ura, ta ƙone bai buɗe ba bai ɗora mita ba, duba ya yi maka ba gyara ba, kuma ni ban yarda da duba a wannan sana'ar ba.

Ga abin da ya faru. Adafta ba bakinta kawai ake dubawa ba, abu huɗu ne: bolt nawa take bayarwa, amfiya nawa zata iya ɗauka, DC ce ko AC, sannan na huɗun wanda kowa ke mantawa, wane ɓangare ne fulos wane ne mainos. Adaftar dikoda da ta rawuta da kusan duk na zamanin nan fulos ɗinsu a tsakiyar baki yake, mainos a waje. Ita kuwa Mega Drive ta farko, wadda ta fito a Japan 1988 ta shiga Turai 1990, a juye take, mainos ne a tsakiya, tana shan bolt 9 zuwa 10 DC da amfiya 1.2. Kaga kenan wutar ka shigar mata a baibai, ga shi kuma yawancin na dikoda bolt 12 ne. Duba jikin kowace adafta zakaga wani ɗan zane kamar harafin C da ɗigo a tsakiya, layi ya fita daga ɗigon zuwa alamar fulos ko mainos, toh wannan zanen shi ne yake gaya maka gaskiya, ba yadda bakin ya zauna ba.

Abin da zai sa hankalinka ya ɗan kwanta, wutar bata zuwa kan manyan IC kai tsaye. Akwai mai gadi a ƙofa, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da aka ɗaure a jikin ƙarfe da noti, an rubuta 7805 a jikinsa. Aikinsa ya karɓi bolt 9 ko 10 ya sauke shi zuwa 5 cif, wanda shi ne abincin Motorola 68000 da Z80, wato ƙwaƙwalwar gem ɗin, da sauran 'yan cikin. A yawancin irin taka ma guda biyu ne. Sau da yawa shi da kafasitocin da ke kusa da ƙofar wuta su ne suke shan dukan su mutu, na ciki su tsira. Ba kullum ba, amma sau da yawa, kuma 7805 ba wani kuɗi bane, duk mai sayar da kayan gyaran rediyo yana da shi.

Yadda zaka bi abin, daga bango zaka faro ka tafi ciki, kar ka tsallake ko taki ɗaya. Nemo adaftar da ta dace tukuna, ka auna ta da mita kafin ta taɓa gem ɗin. In tsohuwa ce mai nauyin nan, kar ka firgita in kaga tana nuna 13 ko 14 alhali an rubuta 10, haka suke in ba a ɗora musu kaya ba. Sai ka buɗe Segar, ka sa baƙar wayar mita a ƙarfen da ke zaman ƙasa, jar kuma ka taɓa bayan soket ɗin da adafta ke shiga. Wuta ta shigo? In bata shigo ba ka ɗan motsa bakin, in tana zuwa tana ɗaukewa toh dalmar ƙafar soket ce ta tsage, wannan ciwon ya zama ruwan dare a Sega saboda shekaru ana cusawa ana zarewa, minti biyu ne da ayon. In ta shigo sai ka wuce makunni, ka kunna ka ga ko ta haye ɗaya ɓangaren. Daga nan sai 7805. Ka fuskanci rubutunsa ƙafafu suna kallon ƙasa: ta hagu shiga, ta tsakiya ƙasa, ta dama fita. Hagu dole ta kai aƙalla bolt 7, dama kuma wajen 5, ko 4.9 ko 5.1 duk lafiya ne.

In hagu akwai wuta dama babu, kar ka yi saurin murna ka ce ka kama ɓarawo. Ɗora yatsa a hankali. In sanyi ƙalau yake, shi ne ya mutu, canza shi. In kuwa ya yi zafin da baka iya riƙewa cikin 'yan daƙiƙu, toh yana iya yiwuwa shi lafiyarsa lau, wani ne a gaba ya haɗe wuta da ƙasa yana janye shi. Nan sai ka kashe komai ka zare adafta, ka juya mita zuwa om, ka auna tsakanin ƙafar dama da ta tsakiya. In ta nuna kusan sifiri ko tana ƙara ɗiiii ba tsayawa, akwai shot a fanel, wato allon da aka jera kayan ciki a kansa, kuma in ka sa sabon 7805 a haka shi ma wahala kawai zai sha. Sai a fara neman kafasitar da ta kumbura ko ta fashe, nan ne ma nake zargin warin da ka ji ya fito. Ni sai na gama duk wannan, na tabbatar bolt 5 yana isa ƙafar kowace babbar IC amma shiru, sannan bakina zai iya furta cewa IC ce.

Wani abu ga masu Nintendo, tunda muna kan adafta. Ta NES, wato Nintendo ta farko ta Amurka, AC take fitarwa, bolt 9, domin abin da ke juya wutar yana cikin gem ɗin. Bakinta yana shiga Sega yana shiga Famicom, wato 'yar uwarta ta Japan, kuma tana kashe su. In kana da su biyu a gida ka ɗaura wa kowace ƙyalle mai kala daban.

Tambaya daga wata mai karatu a Maraɗi: Malam barka da aiki, PlayStation ta farko ce ta maigidana yara suka ɗauko, tana kawowa da sauti da komai amma hoton baƙi da fari ne, wani lokacin ma yana ta gudu sama. An ce mana abin kalar ne ya ƙone a ciki.

Amsa: Hajiya barka kadai, a gaida maigida da yaran. Kafin a taɓa sukundireba a fara zargin talabijin, domin a irin wannan ƙarar yawanci gem ɗin bata da laifi.

In filasma ce, leƙa bayanta. Da yawansu basu da ramin rawaya shi kaɗai, sun haɗa shi da kore, ramin guda ɗaya yana aiki biyu. In an sa rawayar waya a nan amma a rimot an zaɓi Component maimakon AV, hoto zai fito tas amma ba kala. Canza shi a rimot kawai, shikenan. Na sha karɓar gem a kan wannan, in mayar wa mai ita ban karɓi ko sisi ba.

In ba haka bane, juya gem ɗin ki karanta takardar ƙasanta. Zaki ga SCPH da lambobi, lambar ƙarshe ita ce ke faɗin ƙasar da aka yi wa ita: in ta ƙare da 0 ta Japan ce, 1 ta Amurka, 2 ta Turai. Japan da Amurka tsarin NTSC suke bi, hoto 60 a daƙiƙa layi 525, Turai da Najeriya PAL, 50 a daƙiƙa layi 625, kuma yadda kowanne yake ɗora kala a kan hoton daban ne. Ku a Nijar ma tsoffin talabijin ɗinku da yawa SECAM ne irin na Faransa, wani yaren na uku kenan. Talabijin da bata jin yaren gem ɗin zata nuna hoton amma ta kasa fassara kalar, in bambancin 50 da 60 ya fi ƙarfinta sai hoton ya dinga gudu sama kamar yadda kika gani. Shiga saitin talabijin wajen tsarin kala ki sa shi a Auto, ko ki gwada NTSC da PAL ɗaya bayan ɗaya. In ta ƙi, a kai gem ɗin gidan maƙwabta a gwada a wata talabijin da wata wayar. Sai ta yi baƙi da fari a talabijin biyu uku da waya biyu sannan za a fara maganar cikinta.

Kuma Hajiya in kin ga lambar ta ƙare da 0 ko 1, dan Allah a tabbatar da sitef-dawun ake jona ta. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 220 zuwa 230. Ni da kaina ina yaron shago na taɓa cusa wata 'yar Amurka a soket kai tsaye, ƙarar da ta yi da hayaƙin da kuma kallon da maigidana ya yi min har yau ban manta ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Injiniya, Nintendo ce ta asali irin mai kama da akwati mai ƙofa a gaba, babanmu ya taho da ita daga Amurka lokacin da ya je karatu. In na sa kaset sai jar wutar ta dinga kiftawa, talabijin ma tana kiftawa. Da in na hura kaset ɗin da baki yana yi, yanzu ko na hura har kaina ya yi ciwo baya yi.

Amsa: Ƙanena, hurawar nan da dukkanmu muka taso muna yi ita ce ta kawo ka nan. Ba iskar ce take gyarawa ba, cirewa da mayarwar ne suke sa ƙafafun su sake zama, ɗan danshin bakin kuma ya taimaka na ɗan lokaci. Amma danshin nan yana zama a kan ƙarfe, shekara da shekaru, sai kaga ƙafafun kaset sun yi baƙi ko kore-kore. Mun ci bashi ne muna yara, yanzu ake biya.

Kiftawar kuma labari ne mai daɗi, ma'anarta gem ɗin tana da rai. Ita NES da ta fito Amurka a 1985 akwai wata ƙaramar IC a cikinta da ake kira 10NES, akwai 'yar uwarta a cikin kowane kaset na asali, sai sun gaisa sannan wasa ya tashi. In ta cikin gem ta yi sallama bata ji an amsa ba, sai ta dinga sake tayar da na'urar kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, shi ne kiftawar da kake gani. Abin da ke hana su gaisawa kuwa kusan kullum bakin da kaset ke shiga ne, mai ƙafa 72. An yi shi ne a tura kaset a danna ƙasa kamar na bidiyo, kuma wannan dannawar tana lanƙwasa ƙafafun a hankali har su daina kamawa. Famicom ta Japan ta 1983 mai ƙafa 60 daga sama ake cusa mata kuma bata da wannan IC ɗin, shi yasa ita bata san wannan ciwon ba.

Fara da kaset. Samu sifirit mai ƙarfi, isopropyl mai kashi 90 ko sama in ka samu a kemis ko wajen masu gyaran waya, da audugar goge kunne, ka goge ƙafafun gaba da baya har sai auduga ta daina fitowa da baƙi. Banda fetur, banda tina, banda samfefa, ruwan gwal ɗin da ke kan ƙafafun siriri ne sosai, in ka kankare shi tsatsa zata dawo da gudu. Ka goge kaset uku ko huɗu ka gwada, in ɗaya ya tashi sauran sun ƙi, laifin na kaset ne. In duk sun ƙi sai a buɗe gem, bakin nan mai ƙafa 72 zare shi ake yi ba sai da ayon ba, a wanke shi, a ɗaga ƙafafun kaɗan kaɗan da allura. Ni na fi son a gyara na asalin da a sayi sabo, sababbin da ake kawowa wasu kamun su ya yi tsanani har sai ka yi kokawa kafin ka zare kaset.

Za a ce maka a yanke ƙafa ta 4 ta IC ɗin nan kiftawa ta tsaya. Gaskiya ne tana tsayawa. Amma in datti ne matsalar, abin da zaka samu shi ne allo mai kala ɗaya a tsaye ba wasa, ka kashe mai kawo rahoto ne kawai ciwon yana nan.

Masu irin namu na gida kuma, 'yan kwaikwayon nan da muke cewa famili gem masu wasa dubu a kaset ɗaya, in ka buɗe zakaga wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta a kan fanel, toh duk gem ɗin a ƙarƙashinsa take. Waya da makunni da soket ana gyarawa, amma in ɗigon nan ya mutu sai haƙuri.

Tambaya daga wani mai shagon gem a Gombe: Oga ina da PS2 guda biyar a shago yara suna buga bal. Biyu manya uku silim. Babba ɗaya tana rubuta Disc Read Error, ɗayar tana karanta wasu faifan ta ƙi wasu. Silim ɗaya ko juya faifai bata yi, wata kuma tana zana min zobe a bayan faifai. Wani yace in kawo ya ƙara musu ƙarfin ido duka. In kai?

Amsa: Maigida, ciwo huɗu ka lissafa min kuma an ce za a ba su magani ɗaya, wannan kaɗai ya isa ka riƙe kayanka. Mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Wadda take zaɓen faifai tukuna, domin ita ta fi bada labari. Juya faifan ka kalli bayansu. A na asali, masu shuɗin baya CD ne, masu ruwan azurfa DVD, na PS1 kuma baƙaƙe su ma CD. Idon PS2 fitila biyu ne a gida ɗaya, ɗaya ta CD ɗaya ta DVD, kowace da irin haskenta. Ware faifanka kashi biyu ka gwada. In tana karanta duk CD ta ƙi duk DVD ko akasin haka, fitila ɗaya ce ta gaji, wannan ido ne ba makawa. In kuwa a cikin DVD ɗin ma tana karanta na asali ta ƙi na kwafi, toh idon ya fara rauni ne, na kwafi basa mayar da haske kamar na asali, sai mai ƙarfin gani. In kuma ba wani tsari, yau ta karanta wannan gobe ta ƙi shi, na fi zargin ƙura ko hanyar da idon ke tafiya a kai.

Mai rubuta Disc Read Error kuma kunnenka zaka sa. Kashe fankar shago da rediyo ka saurara. Lafiyayya in ka sa faifai zaka ji idon ya ɗan matsa, ya yi 'yan ƙananan ƙara yana neman faifan, sannan juyawa ta kankama. In kana jin ƙat ƙat ƙat ko gurnani, ba fitila bace, keken da ke ɗauke da idon ne yake sarƙewa, man da ke kan sandunan ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙullun tuwo. A goge sandunan a sa ɗan giris mara nauyi irin na roba, ɗan kaɗan, ba man inji ba ba man gyaɗa ba. Gilashin idon kuma a shafa shi da auduga mai ɗan sifirit, a hankali kamar mai taɓa idon jariri, domin a kan 'yan siraran wayoyi yake lilo. A garuruwanmu wannan wankin kaɗai yana tayar da da yawa. Kuma kar ka leƙa cikin idon yana kunne, haskensa yana illa ko baka ganinsa.

Silim da bata juya faifai, kafin ka zargi moto ka zargi murfi. Silim ɗin da suka fara fitowa a 2004 suna da 'yan makunnai biyu da suke gaya mata an rufe murfi, in ɗaya bai dannu ba tana ɗauka a buɗe take, bazata kunna ido ba balle ta juya. Ɗora hannu ka danna murfin ta baya da ta gaba ka ga ko zata tashi. In ta tashi ka gano shi, kuma ba ruwan ido a ciki. Ka duba adaftarta ma, irin waɗannan bolt 8.5 suke sha, na ga shaguna da yawa an haɗa musu da duk abin da aka samu.

Mai zana zobe kuwa ka daina sa mata faifai daga yau. Akwai wata faffaɗar waya mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke bin idon duk inda ya je, an manne ta da gam a ƙasa, in gam ɗin ya saki sai ta yi doro ta dinga gogar faifai yana juyawa. A sake manne ta ko a canza ta, aiki ne mai sauƙi, amma faifan da ta riga ta zana sun tafi.

Sai maganar ƙara ƙarfin ido. A jikin idon akwai 'yan ƙananan abubuwa biyu masu kama da noti, ɗaya na CD ɗaya na DVD, in an murɗa sai fitila ta ƙara shan wuta. Yana aiki, ban ce baya yi ba. Amma fitilar da ta tsufa ce ake ƙara wa bulala, zata yi gudu na ɗan lokaci ta faɗi gaba ɗaya, kuma masu murɗawa da ka ba tare da mita ba su ne suke garin gyaran gira su rasa idon ɗungurungum. In dole sai an yi, a auna om ɗin da yake kai a rubuta a takarda, a rage ɗan ƙanƙani, a gwada, kuma sai bayan an yi wanki. In sabon ido ka saya, akwai wani ɗigon dalma da masu ƙerawa suke sawa don kare shi a hanya, sai an cire shi da ayon, in ba haka ba zaka rantse mataccen ido aka sayar maka.

Ni dai da shagon nawa ne, manyan biyun nan hadis, wato ma'ajiyar kwamfuta da ake zuba wasanni a ciki, zan sa musu ta baya in huta da faifai kwata-kwata, ido ya samu hutu yara su daina jira. Kuma in zaka buɗe babba ka zare ta daga bango ka bata lokaci, gidan wutarta a ciki yake, babbar kafasitar nan tana riƙe sama da bolt 300 ko bayan an kashe.

Wasu gajeru.

Daga Katsina wani yace PS2 ɗinsa in yana buga wasa daga filashi bidiyon farko yana sarƙewa, ko gem ɗin ce ta lalace? Lafiyarta lau ɗan uwa. Ramin USB ɗinta tsohon yayi ne, 1.1, tun na shekarar 2000, ya fi faifai jan ƙafa. Ko ka sayi filashi mafi tsada a kasuwa haka zai yi.

Daga Kumasi wani bawan Allah yace bindigar wasan harbin agwagwa na Nintendo ta daina ci tunda ya canza talabijin. Bindigarka bata mutu ba, da talabijin mai ƙeya aka yi ta tayi aiki, filasma tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto kuma wannan jinkirin ya isa ya ɓata lissafin. Nemi tsohuwa wajen 'yan gwanjo, amma kar ka buɗe bayanta, ba wajen wasa bane.

Wata ƙanwarmu daga Kaduna tace kaset ɗin Super Nintendo ya daina ajiye inda ta tsaya. Batir ne a cikin kaset ɗin, CR2032 mai bolt 3, ya yi shekara talatin yana aiki ai ya yi ƙoƙari. Da dalma aka kama shi, a samu mai 'yan ƙafafu a jiki, kar a ɗora ayon kai tsaye a kan batir.

Mai Game Gear, 'yar Sega ta hannu, daga Damagaram da yace sauti ya shaƙe kuma sai ya karkata ta yake ganin hoto: kafasitoci ne, duk wanda ya san Game Gear ya san ta da wannan. Ruwan cikinsu yana zubowa ya ci fanel, in ka ɗora ayon zaka ji ƙarni kamar na kifi. A canza su duka a wanke wurin, kar a ce sai wadda ta kumbura, irin waɗannan basa kumbura suke mutuwa. Haka ma duk mai Xbox ta farko ta 2001, akwai kafasitar agogo a ciki da take yoyo tana cin layukan fanel a ɓoye, a buɗe a duba tun tana aiki.

Na ƙarshe daga wani abokin sana'a a Kano, kuma ƙorafi ne ba tambaya ba. Yace: Malam kana wahalar da mutane da aune-aune, mu in gem ta ƙi tashi hita muke bi da ita kan fanel gaba ɗaya kuma tana tashi, kwastoma ya biya ya tafi.

Amsa: Abokina na gode da ka faɗa a fili, kuma na san tana tashi wani lokacin, zafi yana sa tsagaggiyar dalma ta ɗan haɗe, yana kuma farfaɗo da gajiyayyar kafasita na 'yan kwanaki. Irin dabarar da aka yi ta yi kenan lokacin da Xbox 360 suke ta mutuwa suna kawo jar wuta, har da masu naɗe ta a tawul, ciwon da sai da Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 a 2007 ta ƙara garanti zuwa shekara uku. Tambayata ɗaya ce, cikin waɗanda ka bi da hita nawa ne suka dawo bayan sati biyu, kuma da suka dawo ka san wurin da ciwon yake? Zafin ni ma ina amfani da shi, amma don bincike: in ɗumama wuri ɗaya ɗan ƙarami, in gem ta tashi na san unguwar da ɓarawon yake, sai in koma can da mita da ayon. Fanel ɗin Sega ko na PS1 ya haura shekara 25, robobin soket ɗinsa narkewa suke, kuma ba a ƙera wani. Kawo ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo maka ranar Asabar bayan la'asar mu buɗe ta tare, shayi a wuyana. Mai Sega na Zariya kuma ina jiran lambobi uku daga wajenka: abin da adafta ta nuna, da na ƙafar hagu, da na ƙafar dama.